Wayar da Ochai Bai Yanke Ba

Ni ne Bunu mai faci, a bakin titin Dogo Tebo, kuma shekara goma sha tara ke nan rumfata na jingine da ta Ochai mai rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota. Fallen kwano ɗaya ne ya raba mu, shi ma duk ya huhhuje. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba a majalisa na tsinci labarinsa ba.

Ochai mutumin Otukpo ne. Ya zo Potiskum yana saurayi, ya biyo wani kawunsa mai sayar da kayan mota. Kawun ya gaji ya koma gida, shi ya zauna. A nan ya auri Perpetua, a nan suka haifi 'ya'yansu uku. A shekarun da gari ya rikice, lokacin da mutane ke ɗora katifu a kan motoci suna ficewa, shi ma sau biyu yana ɗaure kayansa, sau biyu yana kwancewa. Na tambaye shi dalili, ya ce a can gida ba wanda ya san shi da komai, a nan kuwa duk wanda fitilar motarsa ta mutu sunansa yake fara kira. Hausarsa ta fi shekara talatin, amma har gobe mota namiji ce a bakinsa. Mun gaji da gyara masa, mun ƙyale shi.

Kayan aikinsa ba su cika gwangwanin madara biyu ba. Abin da ya fi ji da shi wani ƙwan birki ne da ya ɗaura wa waya biyu, kowacce da ɗan maƙali a bakinta. 'Yarsa ta sayo masa mita mai lambobi daga Jos, tana nan cikin ledarta a ƙasan akwati, sai baƙo ya zo ake fito da ita a nuna masa.

Abin da ke ba ni haushi da Ochai shi ne sanyin jiki. Ni taya ta zo, in tsoma ta a ruwa, in ga kumfa, in liƙe, mutum ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya zagaya mota sau uku yana tambayar mai ita inda take kwana da wanda ke wanke ta, kamar aurenta zai yi. In ka ce masa batirinka ya mutu, sai ya ce, "Batir ba ya mutuwa haka kawai. Wani abu yana sha." Masu sayar da batir na layinmu ba sa son sa ko kaɗan, don ya hana su ciniki ya fi a ƙirga.

A watan Afrilun bana, zafi yana neman ya narkar da kwalta, Basiru direba ya shigo da motar marigayi Alhaji Muhammadu Lawan. Duk unguwar Yerimaram an san motar nan, tsohuwa ce, fara, mai dogon baya. Alhaji dillalin shanu ne, a cikinta ya yi ta zaryar kasuwa har Allah ya karɓi ransa bara. Shekara goma sha huɗu Basiru yana tuƙa shi. Bayan rasuwar aka bar shi yana kai matar marigayin, Hajja Yakaka, asibiti da unguwa. Iyalinsa na Danchuwa, shi yana kwana a ɗakin da ke jikin zauren gidan, sai ƙarshen mako yake leƙa su.

Bayansa a napep sai ga Kashim, babban ɗan marigayin, mai shagon atamfa a kasuwa. Bai ko zauna ba ya fara.

"Oga Ochai, wata biyu ke nan kullum da safe sai an tura motar nan. Batir biyu na canza. Sababbi. Jiya sai da Hajja ta rasa layin likita."

"Ina yake kwana?" in ji Ochai.

"A rumfar gida. Makulli ma a aljihuna yake kwana yanzu." Ya juya ya dubi Basiru. "Amma ƙofar gefen mai zaman banza ba ta kulluwa tun zamanin Alhaji. Wanda ya shiga ta nan zai iya buɗe bonet. Kuma na san akwai masu kunna fanka da batirin mota a zafin nan, su mayar da shi da asuba."

Basiru bai ɗago ba. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da 'ya'ya biyar, kuma shi ya riƙa kai Kashim makarantar kwana yana ɗaukar masa akwati. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji ƙarami, ban taɓa ba."

"To, za mu gani. In mota ce, a gyara. In ba mota ba ce, ranar Juma'a ka ajiye mini aiki."

Na ji zafin maganar nan har cikin raina. A garin nan direban da aka kora da sunan taɓa batir ya gama tuƙa motar gida, don kafin ya isa tasha labarin ya riga shi.

Ochai ya fara aikinsa kamar bai ji komai ba. Ya buɗe murafun batir ya leƙa ruwansa, ya kankare kawunan biyu har suka yi ƙyalli. Ya sa aka tayar da mota, ya tabbatar altaneta na ba da caji. Sannan ya kashe ta, ya rufe ƙofofi, ya ɗauko ƙwan birkinsa. Yana da wata ƙa'ida a nan da ba ya karyawa. Sai ya maƙala waya ɗaya a kan batir na baƙar waya, ɗayar a jikin wayar kanta, tukuna ya ɗaga kan a hankali, yadda wuta ba za ta yanke ba, sai dai ta bi ta cikin ƙwan. Ya taɓa gaya mini in ka yanke wutar gaba ɗaya, abin da ke shan ta zai mutu, ka yi ta nema ba ka gani. In akwai abin da ke sha a ɓoye, ƙwan zai yi ja.

Ƙwan bai ko motsa ba.

Ya sa Basiru ya shiga but ya kwanta aka rufe shi, don a ga ko fitilar ciki na mutuwa. Ta mutu. Ya duba ta ɗan akwatin gaba, ita ma lafiya. Daga nan ya ce a bar masa motar ta kwana biyu a rumfarsa.

Ranar Laraba da safe aka murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ranar Alhamis ma haka. Kashim ya zo ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai.

"Ka gani ko? A wurinka lafiya lau. A gida ne take mutuwa. Na gode, Oga Ochai, ka gama aikinka."

Basiru ya ja motar suka tafi. Ochai ya zauna a kan benci, abincin da Perpetua ta aiko masa ya huce a kwano bai taɓa ba. Ban taɓa ganin aikinsa ya yi kyau ya kuma ɓata masa rai irin na ranar ba. Gaskiya ya faɗa, gaskiyar tasa kuma ita za ta kori mutum gobe.

Na ce, "To ko dai ya taɓa ɗin ne? Zafin nan ba wasa ba."

Ya harare ni. "Ka ga kan batir ɗin? Ni na ɗaure shi ran Talata, amma kafin in kwance na duba. Wanda ake kwancewa kullum, notinsa yana cinyewa. Wannan ƙura ma bai goge ba." Sai ya ƙara da cewa, "Kuskure na yi, Bunu. Na auna mota a inda ba ya ciwo. Rufe rumfa da wuri, za ka raka ni."

Muka isa Yerimaram ana fitowa daga sallar magariba. Motar na ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin zaure da cikin gida, kusa da wata darbejiya. Ƙofar ɗakin Basiru a buɗe take, na hango jakarsa a ɗaure a kan tabarma, da butarsa a gefe. Kashim ya fito yana riƙe da carbi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Yaushe aka ajiye shi?" Ochai ya tambaya.

"Tun la'asar. Ga makullin a hannuna."

"Kada kowa ya shiga. A buɗe mini bonet kawai."

Basiru ya zura hannu ya ja abin buɗe bonet. Ochai ya maƙala wayoyinsa, ya ɗaga kan batir a hankali. Nan take ƙwan ya yi ja kamar garwashi.

"Yauwa," in ji shi. "Ga shi nan yana sha. Kuma Basiru yana tsaye a gabanmu."

Ya ba ni ƙwan na riƙe, ya buɗe akwatin fis ya fara zare su ɗaya bayan ɗaya. In ya zare, sai ya dube ni, in ce yana nan, ya mayar ya zare na gaba. Na fitilu, na ham, na waifa, na fanka. Ya zare na ƙarshe, ƙwan na nan da jansa. Kashim ya fara duba agogo.

Ochai ya dawo gaban mota ya sunkuya da tocila a baki. Ya daɗe yana lalube a bayan batir, sai ya zaro wata siririyar jar waya da ƙura ta mayar ruwan ƙasa. Ba ta bi ta akwatin fis ba, kai tsaye ta huda ta shige cikin mota. A jikinta akwai ƙulli biyu a jere, an naɗe da baƙin salatif. Ko ni na gane ƙullin nan, don duk Potiskum mutum ɗaya ne ke ɗaure waya haka.

"Aikina ne," ya ce a hankali. "Ya fi shekara goma sha biyar. Alhaji ya ce yana son rediyo ya yi magana ko ba makulli, don yana zama a mota da yamma ya ji labarai. Na manta."

Ya mayar da kan batir ya ɗaure, ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza. Ƙamshin turaren wuta ya buso mana, irin wanda matan Barebari ke haɗawa da hannunsu, ba na kanti ba. A kan fuskar rediyon an shimfiɗa wani farin hankici mai aikin zare a baki, an soke gefensa da kyau, irin yadda tsofaffinmu ke lulluɓe talabijin da keken ɗinki don ƙura. Ochai ya ɗaga gefensa kaɗan. Wuta shuɗiya na ci a ƙasa, ga memori a soke, lambobi na tafiya, ba sauti.

Na ga ya tsaya. Ya dubi hankicin, ya dubi kujerar, ya saki gefen ya koma yadda yake.

"Kashim, laifina ne. Wayar da na ja ce. Gobe zan gyara. Ba ruwan Basiru."

"Waya ce ta kunna kanta?" Kashim ya matso. "Ni na sa sabon rediyon nan bara da tsohon ya lalace, ban taɓa ganin ya kunna kansa ba. Wato nan ake zama ana shan kiɗa. Bari mu ji wace waƙa ce ta cinye mini batir biyu."

"Bar shi," in ji Ochai. Amma Kashim ya riga ya yaye hankicin ya murɗa.

Sai muryar Alhaji Muhammadu Lawan ta cika motar, da kukan shanu a bayanta.

"Hajja, ga ni na taso daga kasuwa. A ɗora ruwan shayi. Kada a cika sukari irin na jiya."

Ɗan shiru, sai wani saƙon ya biyo. "Hajja, kin sha maganin kuwa? Na san ki. Ki sha yanzu, ina jira ki gaya mini."

Hannun Kashim na nan a kan rediyon, ya kasa ragewa ya kasa ƙarawa. Na yi wa Alhaji faci ya fi sau ɗari, muryar nan ita ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana.

"Ni ce."

Hajja Yakaka ce tsaye a bakin ƙofar cikin gida, cikin lafaya ruwan toka, da alama ta jima a wurin. Ta gaishe mu da Barbarci, wushe, wushe, kamar ziyara muka zo, sannan ta matso ta dafa motar.

"Halimatus Sa'adiyya ce ta zuba mini saƙonninsa a ɗan abin nan, da ta zo wata biyu da suka wuce," ta ce. Ƙanwar Kashim take nufi, wadda ke aure a Damaturu. "A waya muryarsa ƙarama ce. A nan kuwa kamar yana zaune. Shekara nawa ina kawo masa shayi nan da la'asar, in zauna a kujerar nan yana jin labarai. To, in kun fita, nakan zo in ɗan zauna." Ta dubi ɗanta. "Ban gaya maka ba, don za ka ce jinina zai hau. Amma wallahi kullum sai na kashe. Ina murɗawa har ƙarshe, sai ya yi shiru, in rufe shi."

"Hajja, tsohon ne ake kashewa haka," in ji Ochai. "Ana murɗawa ya ce ƙas. Wannan, in kin murɗa, shiru kawai yake yi, amma yana nan a kunne. Sai an danne shi an riƙe. Tun la'asar har batir ya ƙare, Alhaji yana ta magana, ba mai ji. Da safe kuma in an tura mota, rediyo ya riga ya mutu, ba wanda zai gane."

Ta daɗe tana kallon shuɗiyar wutar. Sai ta juya wajen Basiru, wanda ya rakuɓe a jikin darbejiya.

"Malam Basiru, ashe ni na jawo maka. Ina ji ana faɗa maka magana, ina cewa a yi haƙuri, ban san hannuna ba ne. Ka yafe mini."

"Ba komai, Hajja. Wallahi ba komai."

Kashim ya shiga ɗakin zaure, ya tsuguna, ya kwance jakar Basiru da hannunsa, ya fito da kayan yana jerawa a inda yake tsammanin nan suke zama. Ya fito idonsa ja, ya kama hannun Basiru da hannu biyu, ya riƙe. Na ji haushin yaron nan kwana uku, amma a lokacin tausayinsa ne ya kama ni.

Washegari Juma'a da hantsi suka kawo motar. Kashim ya ce a yanke jar wayar a huta, kuma ni ma abin da zan ce ke nan, don shi ne gyaran da kowane mai rewaya zai yi cikin minti biyu. Ochai ya ce a'a. In ya mayar da rediyo kan makulli, sai Hajja ta riƙa roƙon makulli kafin ta zauna da mijinta. Ya zazzage gwangwaninsa a kan buhu, ya yi ta tona har ya samo wani tsohon makunni na murɗawa, ya haɗa shi a tsakiyar wayar, ya ɗaure a ƙasan rediyo inda hannunta zai kai. Ya sa mata fis nata na kanta, abin da ya ce ya kamata ya yi tun farko. Ya murɗa ya ji ƙas, ya sake murɗawa ya ji ƙas, ya yi ta yi har na ce masa ya isa haka. Ya gaya wa Kashim a riƙa tayar da motar kowace safiya ko ba inda za a je, kuma in Hajja ta zauna, awa ɗaya ba zai yi wa batir komai ba.

Kashim ya wuce kasuwa. Basiru ya tsaya in ƙara masa iska a tayar baya. Ina tsugune ina aikina, sai na ji Ochai ya tambaye shi yana goge hannu.

"Jiya da muryar ta fito, kowa ya firgita. Kai ba ka firgita ba."

Basiru ya yi murmushi kaɗan. "Tagar ɗakina rumfar take kallo, Oga."

"Ka sani ke nan."

"Na san tana zama. Na kuma yi zargin daga nan ne, ko da yake ban san yadda abin yake ba."

Na ajiye tiyon iska. "Kai Basiru, ka ɗaure jaka, za a kore ka da sunan ɓarawo, 'ya'ya biyar, kuma ka yi shiru?"

"To me zan ce, Malam Bunu? In ce Hajja na shiga mota tana kuka? Ita ba ta gaya wa ɗanta ba, sai ni?" Ya shafa murfin bonet da tafin hannu, ya share ƙurar da ba ta nan. "Kuma in na faɗa, cire rediyon za a yi."

Ochai ya ce, "Sai me?"

Basiru ya buɗe ƙofa ya zauna, bai tayar da motar ba tukuna.

"Akwai saƙo ɗaya can wajen ƙarshe," ya ce. "Yana cewa, Hajja, a zuba wa Basiru abinci, tun safe bai ci komai ba. Kullum nakan jira a zo wurin."